Masaƙi a Gaban Sarki: Yadda Dandalin Barkwanci Ya Koma Hannun 'Yan Gari a Ingila

A shekarar 2016, da ake cika shekara 400 da rasuwar William Shakespeare, kamfanin Royal Shakespeare Company ya zagaya Birtaniya da ɗaya daga cikin tsofaffin wasanninsa na barkwanci, A Midsummer Night's Dream, wato mafarkin wani dare na tsakiyar bazara. Ƙwararrun 'yan wasa ne suka fito a matsayin sarki da amaryarsa da masoya da manyan aljanu. Amma akwai wasu masu sana'ar hannu su shida a cikin labarin, waɗanda suka haɗu don su shirya wa sarki wasa ranar bikinsa, kuma su ba a ba ƙwararru ba. Duk garin da aka sauka, ƙungiyar 'yan sa-kai ta yankin ce ke kawo mutum shida nata, har ƙungiyoyi 14, mutum 84, kuma a wasu garuruwan mace ce ta fito a matsayin masaƙin da ke jan ragamar shirmen. Shekara biyu kafin nan, ƙungiyar kurame ta Deafinitely Theatre ta yi wannan wasa da maganar hannu a dandalin Globe na Landan. Yawancin masu ba da labarin irin waɗannan shirye-shirye da muryar tausayi suke bayarwa, kamar wata sadaka ce zamani ya yi wa mutanen da ba su cancanta ba. Tarihi bai goyi bayan wannan karatun ba. Talaka da nakasasshe sun daɗe a cikin barkwancin Ingila, sun fi ginin gidan wasa daɗewa ma. Abin da aka yi ƙarni huɗu ana ja-in-ja a kai shi ne wa ke riƙe da akalar dariyar, wanda ke tsaye a dandali ko wanda ke zaune yana kallonsa.

Kafin a san wata sana'a mai suna ɗan wasa a Ingila, wasan kwaikwayo aikin gari ne. A birnin York, tun wajen 1376 akwai rubutacciyar shaida cewa ƙungiyoyin sana'a na fito da jerin wasanni a ranar wani bikin Kirista na farkon bazara, kuma littafin da ya tsira ya ƙunshi wasanni kusan 48 da aka ciro daga labaran Baibul. An raba su ne bisa sana'a, rabon da ke da hikima da ɗan raha a ciki: masu sassaƙa jirgin ruwa su ke da labarin gina jirgin Nuhu, masunta da matuƙa su ke da ruwan ɗufana, maƙeran zinariya su ke da masanan gabas masu kawo kyauta, masu gasa burodi su ke da jibin ƙarshe. Kowace ƙungiya tana da amalankenta da aka mayar dandali, tana karɓar kuɗin wasa daga 'ya'yanta, a fara tun da asuba, a ja amalanken daga wannan mahaɗa zuwa waccan ana maimaita wasan har dare. Duk da cewa labaran na addini ne, dariya ta samu wuri. A wasan garin Chester matar Nuhu ta ƙi shiga jirgi sai da ƙawayenta, har sai da aka cicciɓe ta. A wani wasa da ake dangantawa da Wakefield, wani ɓarawo ya sace tunkiya, shi da matarsa suka naɗe ta a zanen goyo suka ce haihuwa aka yi, makiyaya suka zo barka suka ga jariri mai dogon baki. Mutanen da suka yi wannan wasa, washegari su ne a bakin maƙera da shago.

Za a iya cewa wannan hoton ya cika kyau, kuma mai faɗin haka yana da gaskiya. Ƙungiyar sana'a ba ta kowa ba ce. Ta maigida ce mai jari da yaransa. Maza ne ke sa zane su fito a matsayin mata, ko da yake a Chester akwai lokacin da matan gari suka ɗauki nauyin wasa guda. Shiga ma ba ganin dama ba ce, don majalisar gari na cin tarar ƙungiyar da ta makara ko ta yi wasan banza. Abin da ya fi dacewa da batunmu shi ne dokar da majalisar York ta kafa a 1476, wadda ta ce a zaɓi mutum huɗu mafi gwaninta su tantance 'yan wasa kafin biki, su sallami duk wanda ya gaza ta wajen iyawa, ko murya, ko siffar jiki. Ke nan mai in'ina da gurgu da wanda aka ga surarsa ba ta yi ba, an rufe musu ƙofa a rubuce tun shekara fiye da 500 da suka wuce. Saboda haka ba daidai ba ne a ce ƙungiyoyin yau sun koma ga wani zamani na zinariya. Abin da suka gada daga York guda ɗaya ne: cewa wasa hakkin gari ne, kuma maƙwabci na iya tsayawa gaban maƙwabcinsa ya ba shi dariya. Sauran kuwa sai da aka ƙwata.

Wannan gadon ma an kusa binne shi. Bayan Ingila ta rabu da cocin Roma, hukuma ta fara kallon waɗannan wasanni a matsayin ragowar tsohuwar aƙida. York ta yi na ƙarshe a 1569, Chester a 1575, Coventry a 1579. A daidai wannan tsakanin, dokar 1572 ta ce ɗan wasan da ke yawo ba tare da wani basarake ya tsaya masa ba ɗan zaman banza ne, hukuncinsa bulala, sannan a 1576 James Burbage ya gina gidan wasa a Shoreditch inda sai ka biya ka shiga. Cikin shekara goma wasa ya tashi daga titi ya koma bayan katanga, ya zama sana'ar 'yan kaɗan masu ubangida. Shakespeare, wanda aka haifa a 1564 a Stratford, tafiyar yini ɗaya daga Coventry, ya taso ne daidai lokacin da tsohon tsarin ke shure-shuren mutuwa. Da ya zo rubuta A Midsummer Night's Dream wajen 1595, sai ya cusa tsohon tsarin a ciki: kafinta mai suna Quince, masaƙi mai suna Bottom, tela, mai gyaran zugazugi, mai facin tukwanen ƙarfe, da mai haɗa kujeru. Sunan birnin Atina aka laƙaba musu, amma duk ɗan kallo na Landan ya san su, don irinsu ne kakanninsa.

Karatun farko da kowa ke yi shi ne ƙwararre ne ke yi wa ɗan koyo ba'a, kuma akwai hakan. Masaƙin yana son ya fito a kowane matsayi, har da na budurwa da na zaki. Suna tsoron kada matan fada su firgita da zakin a rataye su, don haka suka shirya ya gabatar da kansa ya ce shi mutum ne. Labarin nasu na buƙatar katanga da farin wata, sai suka sa mutum ya zama katanga, wani ya riƙe fitila ya zama wata. Ranar biki kuma sarki da angwaye suka yi ta katse su da habaici. Amma wanda ya ƙura wa kafinta Quince ido zai ga wani abu dabam. Su shida ne har da shi, ba shi da na bakwai, kuma bai sallami ko ɗaya ba. Mai haɗa kujeru ya faɗa masa shi ba ya saurin hadda. Quince bai ce masa ya koma gida ba, ya ba shi zaki, wanda aikinsa ruri ne kawai. Saurayin da ke ƙorafin gemu ya fara fito masa, an ce ya rufe fuska ya ƙanƙantar da murya. Inda dokar York ke auna mutum da wasa ta zubar da wanda bai kai ba, Quince wasan yake yankawa ya ɗinka daidai jikin mutanen da ke gabansa. Kuma duk wanda ya taɓa ganin wannan fage a dandali ya san abin da ke faruwa: habaicin 'yan fada ba ya ba kowa dariya sosai, mutuwar ƙarya da masaƙi ke yi ita ce ke kwantar da 'yan kallo. Marubucin ya ba manya bakin magana, ya ba talakawa fagen.

Labarin nakasassu ya fi wannan ɗaci, domin su ba a taɓa korarsu daga wajen dariya ba, an ajiye su ne a tsakiyarta. Mutanen wancan zamani sun raba wawa kashi biyu, wanda aka haifa da raunin fahimta da wanda ya koyi wauta ya mayar da ita sana'a. Bahaushen da ya san wawan sarki zai gane rabin zancen, wato bakin da aka yarje wa ya faɗi abin da fadawa ba sa iyawa. Ɗaya rabin shi ne a fadojin Ingila sau da yawa mutum ne mai lalura ake ciyarwa ana tufatarwa don a riƙa yi masa dariya. Robert Armin, ɗan barkwancin kamfanin Shakespeare wanda ake kyautata zaton shi aka rubuta wa matsayin wawa a Twelfth Night, ya wallafa littafi a 1600 yana ba da labarin irin waɗannan mutane, ya kuma kwaikwayi ɗaya daga cikinsu a dandali, wani mutum da ke zaune a gidan marayu na Christ's Hospital. Lura da yadda aka raba aikin: nakasasshe shi ne ma'adinin, lafiyayye shi ne mai haƙa, shi ke karɓar kuɗi da suna. Jeffrey Hudson, wada, yana yaro aka sa shi cikin wani ƙaton abincin gashi aka ajiye gaban Sarauniya Henrietta Maria ya faso ya fito, daga nan ya zama kayan fada. Asibitin masu taɓin hankali na Bedlam ya bar jama'a suna shiga kallo har zuwa 1770. A 1884 ana biyan kuɗi a wani shago a Whitechapel don a ga wani nakasasshe mai suna Joseph Merrick. A duk waɗannan wurare an yi dariya ko an yi mamaki, kuma a cikinsu babu inda wanda ake kallo ne ya zaɓi lokacin da za a yi ta.

'Yan gari sun dawo dandali a hankali. An bar mata su fito a 1660. An soke keɓewar da wasu gidajen wasa ƙalilan na Landan ke da ita a 1843. Bayan yaƙin duniya na farko abin ya bunƙasa: an kafa British Drama League a 1919, Mary Kelly ta kafa ƙungiyar wasan ƙauyuka a Devon a wannan shekarar, Nugent Monck ya buɗe gidan Maddermarket a Norwich a 1921 inda 'yan sa-kai suka bi wasannin Shakespeare kaf, sannan a 1951 York ta farfaɗo da tsofaffin wasanninta. Sai dai a zauren ƙauyen da malamin makaranta da mai gidan waya ke gwajin wasa, babu nakasasshe, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dokar 1913 ta ba da ikon kwashe masu raunin fahimta a kai su manyan gidajen tsari a bayan gari, wasu har ƙarshen rayuwarsu. Sai a 1970 doka ta daina kiran wasu yara waɗanda ba sa koyuwa ta mayar da su ƙarƙashin hukumar ilimi. Wanda ba ya cikin gari ba zai shiga wasan gari ba.

Shi ya sa ƙungiyoyin da ake magana a kansu duk bayan 1970 suka ɓullo. Mary Ward, malamar makaranta, da Jo Collins, mawaƙiya, sun fara Chickenshed a 1974 a wani tsohon akurkin kaji, daga nan sunan ya samo asali, kuma ƙa'idarsu ta zama ba a tantance kowa a ƙofa. A 1980 Nabil Shaban, haifaffen Amman mai lalurar karyewar ƙashi wanda makarantun koyon wasa suka ƙi ɗauka, ya haɗu da Richard Tomlinson suka kafa Graeae. Sunan wasu 'yan'uwa mata uku ne a tatsuniyar Girka da ke karɓa-karɓa da ido ɗaya da haƙori ɗaya, zaɓin da shi kansa barkwanci ne, kuma su suka yi shi da bakinsu. Paula Garfield ta kafa Deafinitely a 2002. Jane Jessop ta kafa Blue Apple a Winchester a 2005 don masu jinkirin fahimta, kuma a 2012 ɗanta Tommy Jessop, mai lalurar da likitoci ke kira Down, ya fito a matsayin Hamlet. Dokokin hana wariya na 1995 da 2010 sun taimaka wajen ƙofa da matattakala, amma ba doka ce ta fara ba, bin baya ta yi.

To me ya sa barkwanci, kuma tsohon barkwanci, ya zama ma'aunin da ya fi kowane tsauri? Saboda tafi ana iya bayar da shi kyauta. Mutum na iya tafa wa wasan da ya gundure shi don ladabi, yana iya miƙewa tsaye don tausayi, yana iya share ƙwalla don ya ga wahala ba don ya ga gwaninta ba, kuma ɗan wasan ba zai taɓa sanin wanne aka ba shi ba. Dariya ba ta karɓar wannan cin hanci. Tana zuwa a kan daƙiƙa ko kuma ta ƙi zuwa, kuma tana buƙatar ɗan wasan ya san yaushe zai dakata, yaushe zai juya ido, yaushe zai bar zaure ya huce kafin ya jefa ta gaba. Ɗan wasan da ya sa mutum ɗari uku suka fashe a daidai inda ya shirya ya nuna abin da babu mai iya ce masa alfarma aka yi masa. Tsufan wasan kuma yana ƙara wa shaidar nauyi, don 'yan kallo sun san inda dariyar take, sun taɓa ganin wasu sun yi, suna da abin kwatantawa.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na tsoro: idan aka sa mai jinkirin fahimta ya fito a matsayin masaƙin da ke rikita kalmomi, ta yaya za a san ba shi ake yi wa dariya ba? Ba a mayar da Bedlam da sabon fenti ba? Wannan tambaya ba ta raini ba ce, kuma duk ƙasar da finafinan barkwancinta ke ɗauko wada ko mai in'ina don jikinsa kaɗai ya zama abin dariya ta san amsar na iya zama e. Amma bambancin abu ne da ake iya gani da ido. Idan dariyar ta tashi tun mutum na shigowa, kafin ya yi komai, ta jikinsa ce. Idan ta jira har ya yi abin da ya kwashe makonni yana gwadawa, kuma ta maimaitu a wuri ɗaya daren jiya da na yau, tasa ce. Sannan maganin da masu tsoron ke bayarwa, wato a tsare nakasasshe a matsayin waliyyi mai haƙuri ko abin tausayi, shi ma wulaƙanci ne mai sanye da riga mai kyau. A 2016 haɗin gwiwar Ramps on the Moon, na wasu gidajen wasa tare da Graeae, ya fara da The Government Inspector, barkwancin da Nikolai Gogol na Rasha ya fitar a 1836, a kan jami'an wani ƙaramin gari da suka ɗauki wani matsiyacin akawu a matsayin sufeton gwamnati suka yi ta cika masa aljihu. A Birmingham kurame da nakasassu da lafiyayyu ne suka raba matsayin maciya hanci, matsorata, 'yan gulma. Samun damar zama ɓarawo a dandali, a tsane ka a yi maka dariyar da ta dace da ɓarawo, ya fi kusa da daidaito fiye da kowace lambar yabo ta juriya.

Akwai kuma masu kishin nassi, waɗanda ke ganin yanke baituka da juya su zuwa maganar hannu ɓata gado ne. Tarihin A Midsummer Night's Dream da kansa ya ƙaryata su. Lokacin da majalisa ta rufe gidajen wasa daga 1642 zuwa 1660, abin da ya rayu daga cikinsa shi ne ɓangaren masu sana'a, wanda aka yanko aka mayar ɗan gajeren wasa. Da aka buga shi a 1661, bangon littafin ya ce har yaran sana'a ma sun yi shi don nishaɗin kansu. Wato 'yan koyo na cikin waɗanda suka riƙe shi. A 1692 aka sake yayyanka shi aka cika da kiɗan Henry Purcell. Ba a taɓa yin zamanin da nassin ya zauna daram ba, kuma wanda ya karanta Daren Sha Biyu, fassarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa Twelfth Night a 1971, ya san barkwanci na iya sauya harshe ya rayu. Wani lokaci ma sauyin ƙari yake kawowa. Much Ado About Nothing, wanda Ramps on the Moon ya yi a Sheffield a 2022, an gina shi ne a kan laɓe, mutum ya ɓuya ya ji ana cewa wance na mutuwar sonsa. A harshen da ake gani da ido, mai laɓe dole ya leƙo, masu shirya masa tarko dole su tsaya inda zai hango hannayensu suna kuma nuna ba su gan shi ba, kuma wannan sabon abin dariya ne da nassin bai zo da shi ba.

Ƙorafin da ban ga an gama amsa shi ba daga cikin nakasassun kansu yake fitowa: me ya sa sai an nuna iyawa da wasan wani matacce na shekara 400, maimakon a rubuta nasu labarin? Graeae ma da nata ta fara, wani wasa mai suna Sideshow da ke yi wa tarihin kallon nakasassu ba'a. Akwai haɗarin tsohon wasa ya zama jarrabawar shiga, a ce sai ka iya Shakespeare kafin a ɗauke ka mutum, wato dokar 1476 ta dawo ta bayan gida. Abin da za a iya cewa shi ne ƙungiyoyin da suka daɗe duka biyun suke yi, kuma a ƙaramin gari sanannen suna shi ke sayar da tikiti, shi ke kawo mutumin da ba shi da ɗa ko ƙane a cikin wasan, wanda dariyarsa ce ake nema tun farko. Kuɗi kuma ya raba fagen gida biyu. Manyan gidajen da suka sami tallafin hukumar Arts Council na iya ɗaukar mai fassarar maganar hannu, su haska kalmomi a bango, su saka bayanin abin da ke faruwa a cikin wasan don makafi. Ƙungiyar ƙauye kuwa tana haya ne a zauren coci ko na makaranta, inda sau da yawa an gyara ƙofar 'yan kallo ta yadda keken guragu zai shiga, amma dandalin kansa har yanzu sai an hau matattakala uku ko huɗu.